Ijaza da Lasisi: Rajistar Manyan Makarantu da Tantance Kwasa-kwasansu a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Wannan maƙala tana bayani a kan matakan da hukuma ta gindaya wa duk mai son kafa babbar makaranta a Nijeriya, da bambancin da ke tsakanin rajista da lasisi da tantance kwas. Ta auna waɗannan matakai da ma'aunin fiƙihu, ta kwatanta su da tsarin ijaza da magabata suka bari. Abin da ta tsaya a kai shi ne: wanda ya karɓi kuɗin ɗalibi da shekarunsa bisa alkawarin takardar shaida, neman amincewar hukuma ya zama masa wajibi na amana.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ta daɗe da sanin karatu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi a wajajen 1830, ya zauna a cikinta yana mulki yana wallafa, a can kuma ya rasu a 1837 aka rufe shi. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello. A yau mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da ke rayuwa a kan fadamar gulbin Rima da ruwan madatsar Goronyo, suna noma albasa da tafarnuwa da shinkafa. Daga kuɗin wannan amfanin gona ake biya wa 'ya'ya karatu.

Mafi yawan manyan makarantun jihar suna birnin Sakkwato da kewayensa. Matsalar tsaro da ta addabi gabashin jihar ta sa tafiya ta yi wuya, kuma iyaye da yawa ba su sakin jiki su tura 'ya mace nesa da gida. Saboda haka buƙatar kwaleji kusa da gida buƙata ce ta gaskiya, kuma duk malami ko ƙungiyar da ta ɗaura niyyar biyan ta ta cancanci addu'a. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mayar da takarda karɓaɓɓiya. Matashin da ya ƙare shekara uku yana karatu, sannan ya kai takardarsa wurin neman aikin koyarwa ko ƙarin karatu aka ce ba a san makarantarsa ba, ya yi hasarar abin da ba mai iya mayar masa.

2.0 Shaidar cancanta a wurin magabata

Musulmi ba su taɓa barin koyarwa ba tare da shaida ba. Muƙaddimar Sahihu Muslim ta tattaro maganganun magabata irin su Ibnu Sirina da Ibnul Mubarak a kan wajabcin duba wanda ake karɓar ilimi daga gare shi, da matsayin isnadi a addini. An ruwaito cewa Imam Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida cancantarsa. Daga wannan tushe ijaza ta fito: malami ya shaida cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa, ya ba shi izinin ruwaito shi ko karantar da shi.

Malaman jihadi sun riƙe wannan tsari da kyau. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir, inda ya jera isnadansa, kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru yana cikin waɗanda suka ba shi ijaza. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya ambaci malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Nana Asma'u, wadda ta yi zama a Wurno, takan ɗora wa jajin 'Yan Taru malfa ta naɗa mata rawani, domin matan ƙauye su gane cewa wannan mai koyarwa da izini ta zo.

Bayan shaidar malami akwai kuma sa idon hukuma. Mawardi ya ambata a babin hisba na Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi yana lura da masu koyarwa da likitoci, ya tabbatar da wanda ya ƙware ya hana wanda ya gaza. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, Halifa Muƙtadir ya ba da umarnin kada likita ya yi aiki a Bagadaza sai Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi, bayan wani majinyaci ya mutu sakamakon kuskuren likita.

Bambancin da ya kamata a lura da shi ɗaya ne. Ijaza tana shaidar mutum ne a kan littafi ko fanni, ƙarfinta kuwa yana rataye da amincin malamin da ya bayar. Lasisin hukuma yana shaidar makaranta ne a matsayin cibiya: filinta, kuɗinta, malamanta, ɗakin karatunta, da tsarin jarrabawarta. Ma'aikacin da zai ɗauki malamin firamare a ƙaramar hukumar Rabah bai san kowane shehi ba, ba ya kuma da hanyar auna kowace ijaza. Abin da yake iya dubawa shi ne sunan makarantar a jerin hukuma.

3.0 Asalin tsarin yanzu

Shigar karatun Arabiyya cikin tsarin takardar gwamnati ya faro tun zamanin Turawa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Arabiyya a 1947. Sardauna kansa ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934, kuma a hannunsa Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962. A zamanin gwamnatinsa aka dasa tushen hukumar jarrabawar Arabiyya da addinin Musulunci, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta wannan jami'a, kuma ita ce NBAIS ta yau. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da jarrabawarta a 2011.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fara a 1962 a matsayin ofishin ba da shawara, ta sami dokar kanta a 1974. Hukumar Ilimin Fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, an kafa ta a 1977. Hukumar Kwalejojin Ilimi, NCCE, ta biyo baya a 1989.

Tsananin da ake gani a sharuɗɗan yau yana da dalili a tarihi. A 1983 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya buɗe wa masu zaman kansu ƙofar kafa jami'a, a lokacin da babu dokar da ta shimfiɗa sharuɗɗa. Cikin 'yan watanni jami'o'i fiye da ashirin suka ɓullo, da yawansu ba su da abin da ya wuce suna. Gwamnatin soja ta rufe su duka da doka ta 19 ta 1984. Doka ta 16 ta 1985 ta ba hukumomin tarayya ikon tsayar da mafi ƙarancin mizanin karatu da tantance kwasa-kwasai. Doka ta 9 ta 1993 ta sake buɗe ƙofar, amma da sharuɗɗa. Ba a ba da lasisin farko ba sai 1999, ga jami'o'in Igbinedion da Babcock da Madonna. A 2005 jami'o'in Musulmi suka shigo: ta Katsina da ake kira Al-Qalam yanzu, da Al-Hikmah ta Ilori, da Crescent ta Abeokuta.

4.0 Takardu huɗu da ake rikitawa

A ƙaddara wata ƙungiyar malamai a Goronyo ta gina ajujuwa ta rataye allo mai cewa gwamnati ta amince da kwalejinta. Tambayar da ta kamaci uba ita ce: wace hukuma, kuma da me ta amince? Akwai takardu huɗu da kowace ke iya zama abin da ake nufi, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

4.1 Rajistar kamfani ko amintattu

Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, tana ba ƙungiya matsayi a gaban doka, ta yadda za ta mallaki fili, ta buɗe asusun banki, ta yi ƙara ko a yi ƙararta. Wannan mataki ne na farko da ba makawa daga gare shi, amma bai ƙunshi izinin ba da difloma ko digiri ba.

4.2 Izinin jiha

Ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar ilimin Arabiyya da addinin Musulunci suna da iko a kan makarantun firamare da sakandare da Islamiyyu. Majalisar dokokin jiha tana iya kafa babbar makaranta da doka, kamar yadda aka kafa Jami'ar Jihar Sakkwato a 2009. Duk da haka kwasa-kwasan makarantar jiha sai hukumar tarayya ta tantance su. Kwalejin aikin gona ta jiha da ke Wurno, alal misali, irin makarantun da ke ƙarƙashin kulawar NBTE ce, duk da cewa jiha ce ta mallake ta.

4.3 Lasisin kafa babbar makaranta

Nau'in takardar da za a bayar shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Digiri na NUC ne. Takardar shaidar malanta ta NCE, mai shekara uku, ta NCCE ce. Ƙaramar difloma da babbar difloma ta ƙasa na NBTE ne. Dokar 1993 ta sharɗanta wa mai kafa jami'a fili mai faɗin hekta 100 da lamunin banki na naira miliyan 200. Ga kwalejin fasaha hekta 50 da miliyan 100, ga kwalejin ilimi hekta 25 da miliyan 50. Kuɗin takardar nema da na duba ta kuwa hukumomi suna sabunta su lokaci zuwa lokaci.

Hanyar NUC tana da matakai 14. Takaitawarsu ita ce: mai nema ya rubuta buƙatarsa, a tattauna da shi, ya karɓi takardun nema ya cike. Sannan ya miƙa daftarin dokar jami'ar, da kundin tsarin karatu, da taswirar gine-gine, da takardun mallakar fili. Hukuma ta ziyarci wurin sau biyu, jami'an tsaro su binciki masu makarantar da amintattunta, sannan batun ya bi ta hukumar gudanarwar NUC da ministan ilimi zuwa Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Abin da ake bayarwa da farko lasisin wucin gadi ne na shekara uku, tare da haɗa sabuwar jami'ar da wata tsohuwa da za ta riƙa kula da ita.

4.4 Tantance kwas

Lasisi na makaranta ne, tantancewa kuwa ta kowane kwas ce shi kaɗai. Kafin a buɗe kwas, hukuma tana aiko masu duba malamai da kayan aiki. Idan kwas ɗin ya kai shekara ta uku, sai ayarin farfesoshi daga wasu jami'o'i ya zo ya ba da maki a kan manhaja da jarrabawa, da malamai, da gine-gine, da ɗakin karatu, da kuɗin gudanarwa. A tsarin NUC, kwas ɗin da ya sami kashi 70 cikin 100 a jimla da kuma a manyan sassan nan yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 yana samun ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya gaza 60 an hana shi, kuma dole ya dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. A fannonin adabi, inda Arabiyya da nazarin Musulunci suke, mizanin shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30. Wasu fannoni suna da ƙarin hukuma ta masu sana'ar, kamar Majalisar Ilimin Shari'a ga karatun lauya, da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ga nasu fanni.

Akwai kuma jingina, wato kwaleji ta koyar da kwas ɗin digiri da sunan wata jami'a. Wannan halal ne a doka idan NUC ta amince da jinginar da kuma kwas ɗin. Yarjejeniyar fatar baki da wani malamin jami'a, ko wasiƙar da ba ta bi ta majalisar jami'ar ba, ba jingina ba ce.

5.0 Inda hasarar take faɗawa

Takardar da ba ta da tushe takan tonu a ɗaya daga cikin ƙofofi uku. Ta farko ita ce hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun 2017 duk gurbin karatu sai ya bi ta tsarinta na intanet, kuma wanda sunansa bai shiga rajistarta ba ba a san shi ɗalibi ba. Ta biyu hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda ba ta kiran wanda ya fito daga kwas ɗin da ba a amince da shi ba. Ta uku Majalisar Rajistar Malamai, TRCN, domin NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a manufar ilimi ta ƙasa.

Takardar ƙasar waje ma tana da nata awo a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. A watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga yadda wakilinta ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar digirorin Binin da Togo, kuma matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Mutanen da ke kusa da iyaka, waɗanda 'ya'yansu ke ƙetarawa Nijar ko Sudan ko Masar neman ilimi, suna da buƙatar tabbatar da matsayin makaranta kafin a ɗaure kaya.

6.0 Hukuncin fiƙihu

Karɓar kuɗin makaranta ijara ce, kuma sharaɗin ijara shi ne a san amfanin da aka ƙulla a kansa. Idan ɗalibi ya shiga kwaleji domin NCE, amfanin da ya saya ya haɗa karatu da takardar da hukuma ke karɓa. Ɓoye masa cewa kwas ɗin ba shi da amincewa algus ne, irin wanda hadisin Sahihu Muslim ya yi hani da shi a ƙissar mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Cewa da shi takardu suna kan hanya, alhali babu tabbacin fitowarsu, garari ne. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito a kan lamunin wanda ya yi magani ba a san shi da likitanci ba, yana nuna cewa mai shiga aikin da bai cika sharaɗinsa ba yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ta biyo baya. Tunda cika alkawari wajibi ne, kuma a nan ba ya cika sai da amincewar hukuma, neman ta ya shiga ƙa'idar usulu mai wajabta abin da wajibi ba ya kammala sai da shi.

Wani zai ce hukumomin nan ba na shari'a ba ne, yaya za su yi hukunci a kan ilimin addini? Amsa ita ce ba su hukunci a kan ingancin aƙida ko rinjayen fatawa. Suna ƙirga malamai ne da littattafai da ajujuwa, kuma masu duba kwas ɗin Arabiyya malaman Arabiyya ne. Wannan yana cikin maslaha mursala da toshe kafar ɓarna, tushe biyu da mazhabar Malikiyya ta shahara da su. Manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ma ta tsayar da kashi 70 ne kawai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan fili ya isa a shigar da Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami cikin karatun digiri.

Haɗarin da ya fi kusa da masu makarantu yana faruwa ne ranar ziyara. Aron malamai daga wata makaranta domin su cika jeri, ko aron littattafai a mayar da su bayan tafiyar baƙi, shaidar zur ce, kuma wanda ya ba da aron sunansa ya yi tarayya a cikinta. Kyautar da ake nufin ta karkatar da maki rashawa ce, ko da an kira ta sallamar baƙo. Makarantar da aka gina don koyar da gaskiya ba ta da hujjar samun lasisinta ta hanyar ƙarya.

7.0 Hanyar da ta fi dacewa da yankin

Zauren malami ba ya buƙatar lasisin kowa. Wanda yake karantar da Risala da Muhtasar da tafsiri, yana ba da ijaza, bai yi wa kowa alkawarin takardar gwamnati ba, ba a bin sa komai. Darajarsa tana nan, kuma ayarin tantancewa ba shi da ma'aunin da zai auna tsoron Allah ko zurfin fahimta. Nauyin yana hawa ne ranar da aka rubuta kalmar difloma ko NCE ko digiri a kan allo.

Wanda ya ɗaura niyyar haka ya hau tsani daga ƙasa. Sakandaren Arabiyya mai rajista da jiha, wadda ɗalibanta ke zana jarrabawar NBAIS, ita ce gindin da kwaleji za ta sami ɗalibai daga gare shi. Bayanta kwalejin ilimi mai 'yan kwasa-kwasai, kamar Arabiyya da nazarin Musulunci da Hausa da ilimin firamare, ta fi kusa da ƙarfin jama'a da buƙatar makarantun ƙauyuka fiye da jami'a. Fili ba shi ne babbar wahala ba a wannan yanki. Wahalar ita ce samun malamai masu manyan digirori da za su zauna dindindin, da albashinsu wata bayan wata. Asusun TETFund na makarantun gwamnati ne kawai, don haka makaranta mai zaman kanta sai ta nemi wata madogara. Waƙafi shi ne abin da Musulmi suka riƙe makarantunsu da shi tun da, kuma jihar tana da hukumar zakka da waƙafi. Gonar fadama ko rumbun ajiyar albasa da aka tsayar wa kwaleji ya fi gudummawar rana ɗaya amfani. Ƙungiyoyin ƙananan hukumomin uku kuma za su fi cika sharuɗɗa idan suka haɗa ƙarfi a kan kwaleji ɗaya, maimakon kowace ta ɗaga allonta.

Uba da ɗalibi su ma suna da nasu aiki kafin biyan kuɗi. Su nemi ganin wasiƙar amincewa, su duba sunan hukumar da ta rubuta ta, da sunan kwas ɗin, da ranar ƙarewar wa'adinta. Su duba ko makarantar tana cikin jerin da hukumar ke wallafawa da kuma cikin kundin JAMB. Limamai da malaman zaure, waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu neman shawara, ya kamata su san waɗannan tambayoyi kafin su yi wa wata makaranta tazkiyya a kan mumbari.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shaidar cancanta tsohuwar sunna ce a wurin malaman Musulunci, kuma sa idon hukuma a kan masu koyarwa yana da asali a hisba. Ta rarrabe tsakanin rajistar kamfani da izinin jiha da lasisin tarayya da tantance kwas, ta bayyana cewa biyun ƙarshe ne ke ba takarda ƙima. Ɗalibin wannan zamani yana buƙatar ijazar da ke haɗa shi da malamansa, yana kuma buƙatar takardar da zai nemi halaliyarsa da ita. Mai makarantar da bai kai ga ta biyu ba ya faɗa wa ɗalibi gaskiya tun ranar rajista, ya bar shi ya zaɓa da saninsa. Allah ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai datarwa.